Ƙurar masaƙa a kan sensa: hoto 140 da na ɓata a Kakuri

Hoto 140 na ɗauko daga wata tsohuwar masaƙa a Kakuri da ke Kaduna, babu ko ɗaya da bai fito da tabo ba. Ɗigo goma sha ɗaya, a wuri guda a kowane hoto, kamar kashin ƙuda a farar riga. Abin da ya jawo wannan bai ɗauki daƙiƙa ashirin ba: na cire lens (gilashin gaban kyamara) mai faɗi na 16-35 na ɗaura na 50 a tsakiyar zauren saƙa, kyamara a kunne, bakinta yana kallon sama.

Ƙurar irin wannan wuri ba ta titi ba ce. Tun 1957 aka fara saƙa a Kakuri, kuma ko bayan injuna sun yi shiru, ɓurɓushin auduga yana nan maƙale a ƙarafan rufi, ya cuɗe da man inji da kashin jemage, hunturu kuma ya zuba masa tasa. Ƙura ce mai danƙo. Kyamarata marar madubi ce, da an cire lens, sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kai, a fili take. Tsarin girgiza da ke kakkaɓe ta yana iya wa busasshiyar ƙura, amma wannan ko gezau.

Abin takaicin, na ƙara wa kaina da f/16, wato ƙofar hasken lens a tsuke sosai (iya girman lambar, iya tsukewar). Rufin masaƙar irin mai haƙoran zarto ne, kwanon ya huje a wurare da yawa, tsakanin ƙarfe takwas da goma na safe rana tana saukowa ta ramukan sanda-sanda a kan layin injunan. Na so kowane rami ya fito kamar tauraro, shi ya sa na tsuke ƙofar haske. To, iya tsukewarka iya kaifin inuwar ƙura a hoto. A f/4 ɗigon yakan narke ya ɓace, a f/8 sai mai neman sa, a f/16 kuwa ga shi nan ɓaro-ɓaro. Ƙaramin allon bayan kyamara bai nuna mini komai ba. Sai a kwamfuta.

Wani zai ce ai Lightroom, manhajar gyaran hoto, yana goge tabo, a gyara hoto ɗaya a kwafa wa sauran. Haka ne idan tabon ya faɗa kan bango ko sararin sama. Nawa guda huɗu sun zauna daidai kan sandunan haske, inda launi ke sauya a hankali daga fari zuwa toka. Duk inda ka goge sai ya bar faci. Dare uku na yi ina bi ɗaya bayan ɗaya, na tsira da 23.

Sauran aikin ya tafi daidai. Zanen haske, wato bin wuri da tocila yayin da kyamara ke ɗauka, na yi shi a ɗakin tukunyar tururi, inda duhu yake ko da rana: kyamara a kan mai ƙafa uku, ISO (ƙarfin jin haske na sensa) 100, f/8, ɗauka ta daƙiƙa 30, jinkirin daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka don kada hannu ya girgiza ta. Ka haska wurin da tocila ka saita kaifi, sannan ka mayar da shi na hannu, in ba haka ba lens zai yi ta kai-kawo a duhu. Ka kashe tsarin hana rawa tunda tana kan ƙafa. Sa baƙaƙen kaya, kada ka tsaya wuri ɗaya, kuma ka haska ƙarfe daga gefe, ba daga bayan kyamara ba, ta haka tsatsa ke fito da kaushinta. Inda taga da duhu suka haɗu a hoto ɗaya, ɗauki uku, mai duhu (-2) da daidai (0) da mai haske (+2), a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara, ka haɗa daga baya.

Abu biyu da ake yayi ban yi ba, ba kuma zan yi ba. Kaɗa soson ƙarfe mai wuta don tartsatsinsa ya fito a hoto: daɓen masaƙa ya sha mai shekara da shekaru, ga auduga a kowane lungu, tartsatsi ɗaya ya isa. Sai watsa ƙura sama don haske ya fito: tsofaffin rufi da rigar bututun tururi sau da yawa asbesto ne, wani ma'adini mai zare-zare da in an shaƙa, huhu ba ya fitar da shi. Hazon hunturu ya wadatar. Takunkumin P100 (N95 bai isa ga asbesto ba) da takalmi mai kaurin ƙasa dole ne, haka ma izini daga masu kula da wurin. Mai gadin da ya raka ni shi ya tare ni a bakin wani ramin waya da ciyawa ta rufe. "Malam, bi ta nan," ya ce, "wancan ya kai ƙugu."

Yanzu kafin na fita, nakan sa f/22, na kawar da kaifi, na ɗauki farar takarda, na buɗe hoton ɗari bisa ɗari a kwamfuta. Ka tuna hoto a kife yake sauka kan sensa, tabon da ka gani a sama a ƙasa yake. Fara da famfon roba mai hura iska, kyamara tana kallon ƙasa. Kada ka hura da baki, yawu ya fi ƙura muni. Idan ya ƙi, sai tsinken goge sensa daidai girmanta, ɗigo biyu na ruwansa, shafa ɗaya zuwa, ɗaya dawowa da ɗaya gefen, ka jefar. Tawa sai da ta ci tsinke huɗu saboda maiƙon.

Lens kuwa, wanda na shiga da shi, da shi nake fita. In ya zama dole na sauya, sai na koma mota, na rufe gilashi, na kashe kyamara, na kifa ta. Na koma masaƙar bayan mako biyu da 16-35 kaɗai, a f/8, amma hazo ya riga ya ɗauke, sandunan hasken nan sun dusashe. Sai wani hunturun.