Layar Kaka

Yau na wuce ta ƙofar barikin Kalapanzin a Kaduna, sai Kaka ya faɗo mini a rai. Kalapanzin sunan wani kogi ne a ƙasar Bama, inda aka kai sojojinmu su yaƙi Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu.

Kaka yana cikin runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda suka shiga kwarin kogin Kaladan, can a Bama, a 1944. Daji ne mai duhu, babu hanyar mota, abinci ma daga jirgin sama ake jefo musu, kaya kuwa a ka ake ɗauka. Yakan ce harsashi bai firgita shi kamar shirun dare ba, lokacin da ba ka san ko ganyen da ya motsa iska ce ko mutum ba.

Akwai wata laya da mahaifiyarsa ta ɗinke masa a fata, ta yi baƙi ƙirin saboda gumi. Ina yaro na ce masa, "Kaka, ita ta tsare ka?" Ya ce, "Allah ne ya tsare ni, jikana. Amma in na taɓa ta sai in ji ƙamshin ɗakin Inna, ƙafata ta daina rawa."

Da damina, in aka yi tsawa, sai ya zabura ya kwanta rub da ciki. Mu yara muna dariya, wallahi har yau abin yana cin raina. Ba wanda ya ce ciwo ne, cewa ake yi sojan Bama ne, haka suke.

Allah ya jiƙanka, Kaka. Layar tana wurina.