Kafin ku tafi Bulgeriya, wa kuka bar wa su Baba?

Ƙannena masu neman gurbin karatun likita a Bulgeriya, tambayoyinku kusan iri ɗaya ne: nawa ne kuɗin makaranta, biza tana wuya, sanyin ƙasar yana juruwa? Duk wannan mai sauƙi ne, za ku saba. Har yau ba wanda ya tambaye ni halin da mutanen ƙasar suke ciki a gidajensu, alhali su za ku tarar a gadon asibiti. Ni da na fahimci halin nasu da wuri, da ban yi sakacin da na yi da mahaifina ba.

Bulgeriya ƙasa ce da mutanenta ke raguwa. A ƙidayar 1985 sun kusa miliyan 9. A ta 2011 sun dawo miliyan 7 da dubu 364, a ta 2021 kuma miliyan 6 da rabi. Kuma ba yaƙi aka yi ba. A 1989 gwamnatin gurguzu ta Todor Zhivkov ta matsa wa Turkawan ƙasar har fiye da mutum dubu 300 suka tsallaka Turkiyya, kafin shi ma a sauke shi a watan Nuwamban shekarar. Daga nan masana'antun gwamnati suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. A 1996 da 1997 bankuna suka durƙushe, farashi ya haukace, ajiyar da mutane suka yi shekaru suna tarawa ta narke. Wa zai yi tunanin ƙara haihuwa a irin wannan hali? Da ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2007, ƙofa ta buɗe, matasa suka kwarara Jamus da Sifen da Ingila. Mata masu matsakaicin shekaru kuma suka nufi Italiya da Girka aikin jinyar tsofaffi.

Ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba lokacin da na sauka. Na ga unguwa shiru, ba yara a titi, sai na yanke hukunci irin na hirar majalisa: Turawa ne, ba sa son haihuwa. Har na faɗa wa tsohuwar da nake haya a gidanta haka, da gurguwar Bulgariyancina. Ba ta yi fushi ba. Ta ja ni kicin, ta nuna mini wata waya mai faɗi da ta jingina da kwalbar kayan lambu da aka jiƙa a ruwan gishiri. Nan take zama kowace Lahadi da yamma ta ga jikokinta, waɗanda aka haifa a Sifen, kuma harshen can ya fi zama a bakinsu. 'Yarta tana Italiya tana yi wa uwar wasu wanka, ita kuma a nan maƙwabciya ce ke sayo mata magani idan ƙanƙara ta rufe hanya. Na ji kunya ƙwarai, domin matar ta haifa, ta raina, sai dai ba ko ɗaya a kusa da ita.

Ku ma kada ku yi wannan gaggawar. Gwamnatinsu tana ba mai jego hutun kwana 410 da kashi 90 cikin ɗari na albashinta, kuma a 2023 matan Bulgeriya su suka fi na kowace ƙasa a Tarayyar Turai yawan haihuwa, kimanin 1.8 ga kowace mace. Amma da yawa daga cikin waɗanda za su haifa ɗin sun riga sun bar ƙasar, shi ya sa tun 1990 kowace shekara masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa.

Idan kun samu hutu ku je arewa maso yamma, wajen Vidin a bakin kogin Danub. Al'adarsu ce idan mutum ya rasu a buga takarda da hotonsa da shekarunsa, a manna a ƙofar gida da jikin bishiya da tashar mota. A wasu ƙauyukan takardun nan sun fi mutanen da za ku gamu da su yawa, sababbi a kan tsofaffin da ruwan sama ya kodar. Makaranta a kulle, ciyawa ta cinye filin wasanta. Masu ƙidayar 2011 sun shiga ƙauyuka 181 da ba su tarar da kowa a ciki ba.

A asibiti kuwa abin ya fi fitowa fili. Kusan shida cikin kowane mutum goma da suka rasu a ƙasar, ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ne sanadi. Ana shan taba sosai, abincinsu akwai gishiri, ga barasarsu ta gida da ake kira rakiya, kuma mazansu kan riga mata mutuwa da kimanin shekara bakwai. Likitoci ma suna tafiya Jamus, ma'aikatan jinya sun yi ƙaranci. Sau da yawa tsoho ne za a kawo mana ɓarin jikinsa ya shanye, wanda ya kawo shi maƙwabci ne. Ka bincika sai ka ji ya daɗe da hawan jini, ƙwayar yana raba ta biyu don ta kai shi ƙarshen wata, ko ya daina sha tun da ya ji sauƙi. 'Ya'yansa suna aiko kuɗi, suna kuma kira. Ba wanda ya taɓa tambayarsa nawa awon ya nuna.

Da hannuna na sha rubuta wannan a fayil: yana zaune shi kaɗai, 'ya'ya suna waje. Ana cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma ni bai ishe ni ba. Da na gama karatu na tsaya aiki a Turai. Na san Baba yana da hawan jini. Duk wata ina tura kuɗi, duk Juma'a ina kira, ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi, ni ma in ce madalla, mu shiga zancen gona da auren wance. Ni da nake likita ban taɓa cewa a karanto mini sunan maganin da yake sha ba. Na kwantar da hankalina da cewa gidanmu ba irin na Bulgeriya ba ne, cike yake da mutane. Ashe cikar ce ta rufe mana ido: Yaya ya ɗauka Inna ce ke lura, Inna ta ɗauka tunda ɗanta likita ne ai ya san komai, ni kuma na ɗauka kuɗina yana aiki. Baba ya ajiye maganin da daɗewa saboda ciwon kai ya daina damunsa. Ranar da aka kira ni, ɓarinsa na hagu ya riga ya tafi. Na san cuta da sauƙi duk daga Allah suke, amma abin da ke hannuna in yi, ban yi ba, kuma har gobe yana ci mini rai.

To ga abin da nake roƙonku. Kafin ku ɗaure kaya, ku zauna da 'yan uwa a ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, lura da lafiyar iyaye. Ku sayi na'urar awon jini ku koya masa amfani da ita, a riƙa rubutawa a ɗan littafi. Idan kun kira, bayan gaisuwa ku ce a karanto muku abin da aka rubuta, a ɗauko kwalin magani a nuna muku ta waya ku ga saura ƙwaya nawa. Iyayenmu ba sa kai ƙara, musamman ga ɗan da ke nesa, don kada su tayar masa da hankali. Kuɗin magani ku ware shi daban da na cefane, in ba haka ba biki ko suna zai cinye shi. Ku kuma nanata musu cikin ladabi cewa maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi.

Masu aure a cikinku, kada ku bar iyali a kan "sai abubuwa sun daidaita". Yaran Bulgeriya da yawa kakanni ne suka raine su da irin wannan alkawari, iyayen sun tafi da niyyar shekara ɗaya ko biyu. Ku tsayar da lokaci tun kafin tafiya: ko ku dawo, ko su biyo ku. In kuma a can kuka haifa, ku yi musu Hausa a gida, domin su iya gaisawa da kakarsu ba sai da tafinta ba. Kuɗin jirgin zuwa gida kuwa ku fara tara shi daga albashin farko, kafin a zo maganar mota ko fili.