Alhamdulillahi an sallamo Hajiyarmu

Salam 'yan uwa da abokan arziki. An sallamo Hajiya daga asibiti, yanzu haka tana gida Unguwar Rogo, har ta fara shan kununta da kanta. Wanda ya kira, wanda ya zo dubiya, wanda ya turo ɗan abin da ya samu, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Amai da gudawa ne suka kama ta cikin dare, kafin asuba idanunta sun faɗa, baki ya bushe, in ka ja fatar cikinta sai ta tsaya ba ta komawa da wuri. Maƙwabcinmu mai keke shi ya kai mu cikin sanyin Jos ɗin nan, ko sisi bai karɓa ba wallahi.

Godiya ta musamman ga nas ɗin ɗakin mata. An fara yi wa Hajiya ƙarin ruwa saboda jikin ya yi nisa, amma da ta farfaɗo ta iya haɗiya sai aka koma ORS, ruwan gishiri da sukari ɗin nan na leda, wasu daga cikin dangi har suna cewa a ƙara wani dirif ɗin mana, nas ta zaunar da su ta yi musu bayani ba faɗa, ta ce sukarin da ke ciki shi ke taimaka wa hanji ya tsotsi gishirin, ruwa kuma ya bi su ya shiga jiki ko da gudawar ba ta tsaya ba. Leda ɗaya a lita 1 na ruwa mai tsabta, wato fiya wota biyu, kada a rage ruwan, kada a ƙara sukari, abin da ya wuce awa 24 a zubar a haɗa sabo. In ta yi amai a jira minti 10 a ci gaba kaɗan kaɗan. Baiwar Allahn nan da hannunta ta riƙa ba ta da cokali tana cewa "Mama daure ki ƙara ɗaya", ga marasa lafiya cike da ɗaki. Ni dai aikin da na fi gani kenan, don magani mai araha ne amma sai da haƙuri yake shiga.

Likitoci, masu shara da wankin bayi da ba a cika tunawa da su ba, Allah ya biya ku. Waɗanda muka baro a kwance Allah ya tashi kafaɗunsu.

Masu son zuwa gaishe ta dan Allah a bari sai bayan la'asar, da safe barci take yi.