Na ji rurin Chevelle da kunnena

Jama'a, na je Woodward Dream Cruise, taron tsofaffin motoci da ake yi duk watan Agusta a titin Woodward da ke yankin Detroit a Amurka. Wani dattijo ya tayar da Chevrolet Chevelle SS 454 ƙirar 1970 a gabana, wallahi sai da na ji rurin salansar a ƙirjina.

Ya buɗe mini bonet. Inji silinda takwas, lita 7.4, kafireta guda a samansa, babu kwamfuta ko ɗaya. Irin wanda ake kira LS6 ne, ƙarfin doki 450, yana cinye mita 400 cikin ƙasa da daƙiƙa 14. Dabarar ba ta da wuya: a ɗauko ƙaton inji a cusa wa matsakaiciyar mota, yadda kamfanin Pontiac ya fara da motarsa GTO a 1964. A miƙaƙƙen titi sai dai a bi ƙurarta, amma birki da kwana suna buƙatar direba mai natsuwa, domin tayoyin lokacin ba su iya riƙe wannan ƙarfi.

Abin da ya taɓa ni shi ne gajartar zamanin irin waɗannan motoci masu ƙaton inji. Dokar hayaƙi ta 1970 da tsadar inshora suka fara rage musu ƙarfi, rikicin man fetur na 1973 ya ƙarasa su. Tsadar man da ta cika baitulmalin Najeriya a lokacin ita ce ta sa Amurkawa suka koma ƙananan motoci.