Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Na Tsaya a Gindin El Kapitan

A makon jiya na tsaya da labarina ne a daidai inda muka tare a birnin Fresno na jihar Kalifoniya, maigida yana fama da karatunsa, ni kuma ina zaman gida da 'yarmu, ba ni da idon sani sai wata dattijuwar Baturiya da ƙofarmu ke kallon tata. Ita ce ta matsa mana lamba wata Asabar har muka yarda ta kai mu kwarin Yosamiti, tafiyar da ba ta kai awa uku a mota ba.

Na tashi ina ganin Dutsen Kufena a Zariya, don haka na ɗauka na san abin da ake kira dutse. Da muka sauka a filin ciyawar da ke gaban dutsen El Kapitan na ɗaga kai, sai da gyalena ya zame. Bango ne miƙaƙƙe mai tsayin kusan mita 900, kuma da dattijuwar ta miƙo mini madubin hangen nesa, sai na ga ashe ɗigon da nake zaton tsuntsaye ne mutane ne rataye da igiya, suna jan buhunan guzurinsu. Ta nuna mini ƙaton doron da ya raba bangon biyu, ta ce masu hawa suna kiransa Hanci, kuma mutum na farko da ya haye shi da ƙarfin hannu da ƙafa kaɗai mace ce mai suna Lynn Hill, wadda tsayinta bai wuce santimita 157 ba. Maigida ya dube ni yana murmushi ya ce, "To Hajiya, ga 'yar'uwarki," domin tsayina ke nan daidai, kuma tun ina firamare ake tsokanata da guntuwa.

Sai da ta yi mini bayani sau biyu kafin na gane inda bajintar take. Tun 1958 Warren Harding da abokansa suka kai ƙolin Hancin, bayan aikin kwana arba'in da wani abu, amma ƙusoshi suka riƙa kafawa a tsagogin dutsen suna ɗora nauyinsu a kai. Abin da ya gagari kowa shekara talatin da biyar shi ne a hau ba tare da dogaro da ƙusa ba, igiya tana nan kawai don ta tare mutum idan ya suɓuce.

An haifi Lynn Hill a Detroit a 1961, ta girma a kudancin Kalifoniya tana wasan alkafura da lanƙwasa jiki, ta fara hawan dutse tana da shekara 14. Daga 1986 zuwa 1992 ta ci gasa fiye da talatin, ciki har da ta garin Arko a Italiya, wadda ta lashe sau biyar. A 1989, a Buoux ta ƙasar Faransa, hankalinta ya rabu ba ta ƙarasa ƙullin igiyar ɗamararta ba, da ta kai sama ta saki jiki sai ta faɗo daga tsayin sama da mita ashirin, Allah ya sa bishiya ta rage mata ƙarfin faɗuwar, ta tashi da gocewar gwiwar hannu da karaya a ƙafa. Shekara guda bayan haka ta haye wata hanyar hawan dutse mai suna Masse Critique, matakin wahalar da ba macen da ta taɓa kaiwa kafin ita.

Inda dattijuwar ta fi daɗewa, ni ma inda ya fi kama ni, shi ne wurare biyu a jikin Hancin. Na farko wani dandamali ne da ya turo kai kamar rufin shago, wanda ko daga ƙasa ana ganin inuwarsa. Ba abin kamawa a ƙarƙashinsa sai wata siririyar tsaga da ramukan da tsofaffin ƙusoshi suka bari, kuma kan yatsu kawai ke shiga. Da Lynn ta wuce nan, wasu maza suka ce ai ƙananan yatsunta ne suka yi mata rana. Na biyun yana can sama, wani lungu ne sumul kamar an goge shi da mai, inda dogaye suka yi ta miƙa hannu suna zamewa, ita kuwa ko miƙawar ba ta isa ta yi ba. Sai ta sauko da igiya daga ƙoli, ta kwashe kwanaki tana gwaji, har ta gano yadda za ta tokare da ƙafa a bango ɗaya, da kafaɗa da tafin hannu a ɗayan, tana juya jiki a cikin lungun kaɗan-kaɗan. A ganina masu zancen yatsu sun ci rabin gaskiya ne suka bar rabi, domin ban ji sun ambaci wannan lungu ba, inda gajartar ta zame mata cikas.

A 1993 ta kammala hawan Hancin cikin kwana huɗu tare da abokin hawanta Brooke Sandahl. A watan Satumban 1994 ta dawo, ta fara da ƙarfe goma na dare da fitila a goshi, ta kai ƙoli cikin awa 23. Sai a 2005 aka sami wanda ya maimaita wannan cikin yini guda, wato Tommy Caldwell.

Muna cikin wannan hira ne na waiwaya ban ga 'yata ba, sai na ji muryarta daga kan wani falalen dutse da ya fi ni tsayi tana cewa, "Umma, kin gan ni?" Gabana ya faɗi, amma dattijuwar ta riƙe hannuna, ta je ta tsaya a ƙasanta, ta riƙa nuna mata inda za ta sa ƙafa har ta sauko da kanta. A hanyar komawa gida ban ce uffan ba. Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na ga dattijuwar da wasu tsofaffin takalman hawa da guntun igiya, ta ce ba za ta kai ni ko'ina ba sai na iya ƙullin da Lynn ta bari a rabi, har in ƙulla shi idona a rufe.

A mako mai zuwa zan ba da labarin yadda muka kwashe da maigida a kan wannan batu, da kuma yadda na warware matsalar suturar da zan hau da ita.