Zaɓen tayar jif ga mai bin hanyoyin Gombe

Duk wanda noma ko aiki yake fitar da shi daga cikin garin Gombe ya san cewa a mako ɗaya motarsa takan taka ƙasa iri uku. Akwai kwalta mai zafi ta hanyar Kumo da Billiri, akwai burji mai tsakuwa da duwatsu masu kaifi idan an bar babban titi an shiga ƙauyukan da ke gindin tsaunukan Kaltungo da Tula, sannan akwai baƙar lakar bakin kogin Gongola ta wajen Dadin Kowa, wadda da damina take cika zanen taya har ta mayar da ita sumul. Saboda haka ne masu Prado da Pajero da 4Runner da yawa suke neman tayar da ake rubuta wa A/T a jiki, wato wadda aka ƙera domin kwalta da daji gaba ɗaya. Ni ma irinta nake sa wa motata, amma ina ganin yawancin asarar da mutane suke yi ba a wajen zaɓen iri take ba, a wajen zaɓen girma take.

Tayoyin jif kashi uku ne. Mai alamar H/T ta kwalta ce, ba ta da ƙara kuma ba ta ƙara wa mota shan mai. Mai alamar M/T ta taɓo ce, haƙoranta manya ne masu faɗin tsakani, sai dai a kan kwalta takan yi gurnani tun daga Gombe har Alkaleri, kuma birkinta a kan jiƙaƙƙen titi bai kai na sauran ba. A/T tana tsakaninsu, kuma ita ma hawa-hawa ce: BFGoodrich KO2 ta fi karkata ga dutse da daji, yayin da Yokohama Geolandar G015 ta fi kusa da ta kwalta wajen laushi da rashin ƙara. Wanda tafiyarsa ba ta wuce Gombe zuwa Bauchi ba, sai kuma ziyarar Yankari sau ɗaya a shekara, ba shi da buƙatar haƙoran da zai riƙa biyan kuɗinsu a gidan mai kullum.

Lambar da ke gefen taya ita ce ya kamata mai mota ya iya karantawa da kansa kafin ya shiga shago. Mu ɗauki 265/65R17, wadda Prado da yawa suke zuwa da ita daga kamfani. Lambar farko faɗin taya ce, milimita 265. Ta biyu tana nufin tsayin gefen taya kashi 65 cikin 100 ne na wannan faɗin, wato kimanin milimita 172, ta ƙarshe kuwa girman rim ce, inci 17. Idan aka haɗa gefe biyu da rim, tsayin tayar gaba ɗaya zai kama milimita 776.

To, abin da aka fi ji daga bakin mai sayarwa shi ne, “Alhaji, a sa mata 70 mana, za ta fi tashi, ta fi kwarjini.” Yana nufin 265/70R17, wadda tsayinta ya kai milimita 803. Bambancin milimita 27 ne, amma rabinsa kawai motar take samu na tashi daga ƙasa, domin ɗaya rabin yana sama da tsakiyar taya, a cikin ramin taya. Wato abin da aka ƙara bai kai santimita ɗaya da rabi ba. A madadin haka agogon gudu zai fara rage lissafi, idan ya nuna 100 motar tana kan 103 da ɗoriya, kilomitocin da yake ƙirgawa su ma za su gaza na gaskiya, injin kuma zai ɗan ƙara wahala a hawa. Wannan ƙarin na mataki ɗaya ana iya zama da shi, in dai an murɗe sitiyari har ƙarshe dama da hagu an tabbatar tayar ba ta gugar komai, an kuma gwada ta a mazaunin safaya an ga ta shiga. Abin da ba na goyon baya shi ne tsallakawa zuwa 285 a kan motar da ba a ɗaga ba, domin ranar da aka cika ta da mutane da buhunan masara aka faɗa rami, a ranar za a ji tayar tana cin jikin mota.

Akwai kuma sha’awar babban rim, wadda ta fi kama matasa. Tayar 265/60R18 tsayinta ɗaya ne kusan da 265/65R17, milimita 775, sai dai gefenta ya ragu zuwa milimita 159. Idan aka kai inci 20 gefen zai ƙara ƙanƙancewa sosai. Shi kuwa wannan gefen shi ne yake shanye dukan rami kafin ya isa rim, don haka a hanyoyinmu masu ramuka masu kaifin baki rim 17 ya fi 18, ballantana 20. Na sha ganin motoci masu ƙyalƙyalin rim a wajen mai faci, taya ta kumbura a gefe, zanenta kuwa ko rabi bai cinye ba, kuma kumburin gefe ba shi da faci, sai dai canji.

Bayan girma akwai lamba da harafi, misali 112T. Lambar 112 tana nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 1,120, harafin T kuma yana nufin iyakar gudunta kilomita 190 a awa. Kada a sayi wadda lambar nauyinta ta gaza abin da kamfani ya rubuta a takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Wasu tayoyin A/T suna farawa da haruffan LT, waɗanda aka yi wa jiki mai kauri domin ɗaukar kaya, kuma sun fi jure ƙayar aduwa da tushiyar kara a gona bayan girbi. Amma sun fi nauyi, sun fi tauri, kuma suna buƙatar iska fiye da ta tayar da motar ta zo da ita. A kan Land Cruiser da ke aikin daji sun dace. A kan RAV4 ko Highlander kuwa tamkar ɗora wa jaki sirdin doki ne, ƙafafun motar ne za su ɗanɗana kuɗarsu.

Shekarun taya sun fi zanenta muhimmanci a ƙasar da zafin Maris da Afrilu yake haura digiri 40. A jikin taya, a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT, akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, saboda haka 2322 tana nufin mako na 23 na shekarar 2022. Tun da Michelin ta rufe masana’antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwarmu ta koma dogaro da na waje, kuma duk da cewa tayar gwanjo tana cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, kowa ya san tana nan jibge. Cikin waɗannan akwai tayoyin ƙanƙara na Turai da Japan, masu zurfin zane da ƙananan tsage-tsage birjik a kan kowane haƙori, waɗanda mai sayarwa zai iya nuna maka a matsayin na daji. Robarsu mai laushi ce da aka haɗa domin sanyi, kuma kwaltar Dukku da tsakar rana ba wurinta ba ne.

Motoci irin Prado, waɗanda ƙafafunsu huɗu suke ja a kowane lokaci, suna buƙatar tayoyi huɗu masu girma ɗaya da zane ɗaya, domin idan ɗaya ta fi saura tsayi, na’urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ba za ta huta ba. Safaya ma a haɗa da ita a lissafi. Game da iska kuma, lambar iskar da aka rubuta a gefen taya iyakarta ce, ba abin da za a hura ba ne, kuma masu faci da yawa sukan wuce ƙima idan ba a tsaya a kansu ba. A auna da safe kafin mota ta yi tafiya, a bi takardar ƙofa, kuma kada a sace iskar taya don an ga ta ƙaru bayan doguwar tafiya. A cikin rairayi mai zurfi ana iya rage ta zuwa wajen 20 a ma’aunin iska na PSI domin tayar ta baje, amma da sharaɗin akwai famfo a bayan mota da za a mayar da ita kafin a hau kwalta.