Ɗakuna Tara na Jan Bulo a Boone Hall

Da hantsi na bar birnin Charleston na jihar Karolina ta Kudu a Amurka, na haye gadar kogin Cooper zuwa Mount Pleasant, da takardar zane da fentin ruwa da buroshi uku a jaka. Cikin rabin awa na isa gandun Boone Hall. Niyyata in zana babban gidan da doguwar hanyarsa mai itatuwan oak da aka fara dasawa a 1743.

Gidan kam ya yi kyau, kowa sai ɗaukarsa hoto yake yi. Ashe a 1936 aka gina shi, yaro ne na jiya. Tsofaffin suna gefe: ɗakunan bayi guda tara a jere, na jan bulo, da aka gina tsakanin 1790 da 1810. Nan na juya kujerata.

Zane a waje ba wasa ba ne. Iskar wurin cike take da raɓa, fenti ya ƙi bushewa, ƙananan ƙwari suka mai da wuyana abin kalaci. Ga bulon kansa ya ƙi ba ni kala guda, wani ja, wani ruwan ƙasa, wani ya ƙone har ya yi baƙi. Da na matsa kusa don in daidaita kalar, sai na tuna bayin ne da kansu suka kwaɓa yumɓun suka gasa, kuma bulon gandun nan ya gina gidaje da yawa a Charleston. A jikin wasu daga cikin bulon har yanzu ana ganin sawun yatsu.

Masu aikin gida da masu sana'ar hannu ne suka zauna a waɗannan ɗakuna. Na masu noma na katako ne, tuni suka ruɓe. Sai rinjin ƙasarmu, wato ƙauyen bayin gandu, ya faɗo mini a rai, wanda shi ma damina ta cinye bukkokinsa, fadoji kuwa suna tsaye. Irin wannan ɓacewar ce ta sa Joseph McGill, wani Ba'amurke mai fafutukar adana wuraren tarihi, ya kafa shirin kwana a tsofaffin ɗakunan bayi a 2010, don a daina wuce su.

Ɗaki uku kawai na iya gamawa kafin hadari ya haɗo. Wata dattijuwa 'yar Gullah, wato zuriyar bayin Afirka na wannan yanki, mai saƙa kwandon ciyawa ta leƙa takardar ta ce bakin ƙofar ya yi faɗi da yawa. Na duba, gaskiyarta ce. Na gyara.